Tarihin Rayuwar Tony Iommi, Kashi na Biyu: Yatsu Biyu da Tsirkiya Shida

A makon jiya mun tsaya a ranar da Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar Black Sabbath, yana ɗan shekara 17, ya je aikinsa na ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ta Ingila, da niyyar daga nan ya kama kiɗa gadan-gadan. Injin matse ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da wanda ke tsakaninsa da ƙarami. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman yake danna tsirkiya a wuyan jita.

Yana zaune a gida ya fid da rai, sai wani shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jitar jaz da aka haifa a Beljiyam a 1910. Gobara ta ƙone wa Django hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka shanye, ya koma yana gudu a wuyan jita da manuniya da yatsan tsakiya kawai. Abin da Iommi ya ɗauka a nan ya wuce ƙarfin gwiwa. Mai yatsu biyu ba ya iya baza hannu a gaɓa ɗaya (gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na wuyan jita) ya ɗebo sautuka, dole ya riƙa hawa da sauka a tsawon wuya. Iommi ma ya jingina da lafiyayyun yatsunsa, manuniya da ƙarami, kuma da su ake kama haɗin sauti biyu, tushe (sautin farko na jeri) da na biyar, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan rok mai nauyi.

Sai maganar dungulmin yatsun. Ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya dunƙule ta, ya huda ta da ƙarfen walda mai zafi daidai shigar yatsa, ya yi ta gogewa har ta zama 'yar hula. Roba zalla tana zamewa a kan tsirkiya, don haka ya yanko fata daga tsohuwar jaket ya manna a kai. Matsalar da ta rage ta fi wuya: ba ya jin tsirkiyar a yatsansa. Wanda ba ya ji yakan danna fiye da kima, tsirkiya ta miƙe, sauti ya haura inda ake so. Da kunne ya koyi daidaita nauyin hannunsa.

Tsirkiyoyin wancan zamani masu kauri ne, mafi siranta a yawancin jeri takan kai inci 0.012 ko 0.013. Kiɗan buluz kuwa ransa na cikin lanƙwasa tsirkiya, a tura ta gefe har sauti ya hau gaɓa ɗaya ko biyu, a girgiza shi ya yi kuka. Da yatsun roba wannan azaba ce. Sai ya haɗa da tsirkiyar banjo, wadda ta fi siranta, daga baya ya zauna a kan jerin da ke farawa daga 0.008 ko 0.009.

A 1968 ya kafa ƙungiya da Bill Ward mai ganga, Geezer Butler mai jitar bes, da Ozzy Osbourne mawaƙi. Buluz suke kaɗawa, da sunan Polka Tulk sannan Earth, kuma a gidajen rawa irin Star-Club na Hamburg sun sha ja wa waƙa ɗaya tsawo don cike dare. Harsashin buluz sautuka biyar ne. A kan G su ne G, B mai sauka (gaɓa ɗaya ƙasa da B), C, D da F, kuma kunnen da ya saba da jitar makaɗan Agadez zai gane su nan take. Akwai na shida da ake saƙawa tsakanin C da D, gaɓa shida daga tushe. Makaɗin buluz taɓa shi yake yi ya wuce, don yana sa kunne ya ji ba a zauna ba.

A nan kiɗan manyan ƙungiyoyin Turai ya shigo. Butler yana son The Planets na Gustav Holst, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, musamman ɓangaren Mars da aka rubuta a 1914, wanda ke tashi daga G zuwa D ya zame gaɓa ɗaya ƙasa. Butler ya gwada shi a bes wajen atisaye, Iommi ya dawo da nasa tsarin. Mai jita ya gwada: tsirkiya ta shida gaɓa ta 3, tsirkiya ta huɗu gaɓa ta 5, sannan tsirkiya ta biyar gaɓa ta 4, a tsaya a kai ana karkarwa da yatsa tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5. Sautin da buluz ke ratsawa, shi ya kafa sansani a kai. Kuskuren masu koyo shi ne gaggawa. In ba a bar kowane sauti ya kusa mutuwa kafin na gaba ba, tsoron da ke cikinsa ya tafi. Waƙar da aka gina a kan wannan tsari ce ta ba ƙungiyar sunan Black Sabbath a 1969, ita ce kuma ta buɗe faifansu na farko ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970. A ganina masu cewa sun rabu da jaz a nan ba su saurara da kyau ba, domin gangar Ward tana rangaji irin na jaz, ba ta tafiya ƙiƙam.

A wasu waƙoƙin faifan Master of Reality na 1971 Iommi ya sassauta tsirkiyoyi gaɓa uku, daga E zuwa C mai hawa (gaɓa ɗaya sama da C). Wannan yana rage ƙarfin jan tsirkiya da kusan kashi 30 cikin ɗari, yatsu suka samu sauƙi, sauti ya yi kauri. Amma wanda zai bi sahu ya sani, siririyar tsirkiya in ta saki tana kaɗa ƙarafan gaɓa ta yi zuza, saboda wuyan jita ya miƙe da raguwar ja. A sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuya kwatan juyi, a bar ta ta zauna, a ɗan ɗaga gada, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jita. Sannan a gwada kowace tsirkiya a gaɓa ta 12. In sautin ya haura, a ja mazauninta na kan gada baya, in ya gaza a tura shi gaba. Bugun ma ya zama da taushi, in ba haka ba farkon kowane sauti zai fito a karkace.

Mako mai zuwa za mu koma ɗakin ɗaukar sauti na Landan a Oktoban 1969, mu ga yadda lalacewar jitarsa Fender Stratocaster ta sa ya ɗauki jitar Gibson SG, da yadda yake haɗa ta da amfilifayar Laney.