Alamomin da ke kan RNA da yaɗuwar ciwon dajin nono

Goggona ta kusa shekara tana jin ƙullutu a nononta na hagu kafin ta faɗa wa kowa. Ranar da na raka ta asibiti a nan Sakkwato, muna zaune a kan benci muna jiran sakamako, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ke da kika yi karatun kimiyya, me ke hana wannan ciwo tsayawa wuri ɗaya?" Tun daga ranar nake bin amsar.

DNA kamar kundi ne da ba ya fita daga ɗakin malam, RNA kuwa shi ne abin da ake kwafowa a kan allo, a karanta, a haɗa furotin da shi, sannan a wanke. An gano cewa jiki yana ɗora wa RNA alamomin sinadari sama da iri 170, kuma wadda ta fi yawa a kan RNA mai ɗauke da saƙo ita ce m6A, da aka fara gani a 1974. Aikinta ya yi kama da na wasali a rubutun ajami: baƙi yana nan yadda yake, amma karatu ya sauya. Wani furotin mai suna METTL3 ne ke ɗora ta, wasu biyu, ALKBH5 da FTO, suna goge ta, wani kuma mai suna YTHDF2 idan ya gan ta sai ya gaggauta wanke allon. Sai a 2011 tawagar Chuan He a Jami'ar Chicago ta nuna cewa alamar tana goguwa.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na ɗakin gwajin Gregg Semenza a Johns Hopkins, Amurka, a 2016. Idan ƙari ya girma, tsakiyarsa takan rasa isasshiyar iskar oksijin, wannan ƙunci kuma yana ƙara yawan ALKBH5, wanda ke goge m6A daga saƙon NANOG, wato furotin da ke taimaka wa ƙwayar halitta ta riƙa sabunta kanta. Saƙon sai ya daɗe ba a wanke shi ba, furotin ɗinsa ya yawaita, a samu ƙarin ƙwayoyin daji masu taurin kai, irin waɗanda ke jure magani su sake kafa ƙari a wani wuri.

Abin da ke ba ni fata shi ne duk abin da ake gogewa ana iya neman maganin da zai tsoma baki a cikinsa, kuma a 2022 aka fara gwada wani magani mai suna STC-15, mai dakatar da METTL3, a jikin mutane. Sai dai ina ganin bai kamata a yi gaggawar murna ba, domin a ciwon nono an ga METTL3 yana rura wutar cutar a wasu nazarce-nazarce, a wasu kuma yana danne ta.

Jiya bayan magariba na zayyana wa Goggo wannan bayani da misalin allo, tana kwance a tabarma bayan ƙarin ruwan magani zagaye na huɗu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in kira ƙannena mata in maimaita musu, kuma in koya musu yadda ake duba nono.