Tulun Mama: tafiyar Kirsimeti zuwa Wusasa

Ban yi niyyar zuwa gida Kirsimetin nan ba. Tun watan Nuwamba na tanadi uzurin da zan bayar: aiki ya yi yawa, kuɗin mota ya tashi, hanya ba tabbas. Duk gaskiya ne, amma ainihin dalilin yana can ƙasan zuciya. Mama ta rasu a watan Agusta, ana tsakiyar marka, kuma na kasa ganin yadda zan shiga gidanmu na Wusasa, kusa da Zariya, a jajiberin Kirsimeti in leƙa madafi ba ta ciki. Ana nan sai Goggo ta kira ni, ƙanwar Babanmu, wadda yanzu ita ce babba a gidan. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "'Yar nan, na sa an share ɗakinki. Ki taho da rigar sanyi, hunturun bana da ƙarfinsa ya shigo." Ta kashe waya tun ban buɗe baki ba.

Ranar 23 ga Disamba da sassafe na isa tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja. Tun 2016 jirgin nan yake kai da komo tsakanin Abuja da Kaduna, tafiyar kilomita 186, kuma a irin wannan lokaci cike yake fal: masu zuwa gida hutu, yara da sababbin takalma a leda, wata mata rungume da katon ɗin man gyaɗa kamar jariri. Muka wuce Kubwa, muka wuce Jere, ana ta hira da waya. Da muka doshi wajajen Rijana sai tarago ya yi tsit. Ba wanda ya ce komai, amma kowa ya san a yankin nan ne 'yan bindiga suka tare jirgi ranar 28 ga Maris 2022, suka kashe mutane, suka kwashi wasu zuwa daji, waɗansunsu sai da suka haura wata shida kafin su ga gida. Dattijon da ke kusa da ni ya zaro carbi daga aljihu yana ja a hankali. Ni kuma na ji leɓɓana suna motsi da kansu da Zabura ta 121, wadda Mama take karanta mana duk ranar da wani zai yi tafiya, wadda ke farawa da ɗaga ido zuwa ga duwatsu ana tambayar daga ina taimako zai zo. Rabona da yin addu'a da gaske tun ranar jana'iza. Ban ma san ta fito ba sai da na kai rabinta.

Daga Rigasa na hau Keke zuwa Kawo, na shiga motar Zariya. A nan ne hazo ya nuna mana ko shi wane ne. Tun daga Rigachikun direba ya kunna fitila, da rana tsaka. Rana kanta ta koma fara fat, kamar faifai a rataye, kana iya kallonta ido cikin ido. Ƙurar nan daga nesa take tasowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da ruwan Tafkin Chadi yake kwance, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta zube mana a hanci da gashin ido. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye jefi-jefi, da shanu suna kiwo cikinsu kamar inuwa. A Mararrabar Jos yara suka yanyame motar da rake da lemo, leɓɓansu a tsattsage. Na sayi rake sanda biyu, don ba a shiga gidan Goggo hannu rabbana.

Duk wanda ya tashi a Wusasa ya san alamar isowa gida. Kafin Ɗan Magaji za ka hango dutsen Kufena ya tokare sama. Na manna fuska a gilashi ina nema, babu shi. Hazo ya haɗiye shi ɗungurungum. Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya cancanta, har na ji ƙwalla. Na ɗaga ido zuwa ga duwatsu, duwatsun ma ba su nan.

Goggo ta tarbe ni a zaure, ta riƙe kafaɗuna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame. Ba ta ambaci Mama ba, ni ma ban ambata ba. Daren nan muka kewaye kaskon wuta da ƙannena, ana soya cincin, ana fige kaji, kowa yana ƙoƙarin yin abin da Mama take yi, kuma aikin mutum ɗaya ya gagari mu huɗu.

Washegari da hantsi Goggo ta ɗauki tsintsiya ta ce in raka ta. Na san inda za mu. Muka bi ta gefen tsohuwar majami'ar St Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa bayan mishan ta taso daga cikin birnin Zariya ta dawo Wusasa a 1929. Ginin Hausawa ne sak, bango mai kauri, in ka shiga da sanyi ka ji ɗumi, in ka shiga da zafi ka ji sanyi. Ina ƙarama na ɗauka duk majami'un duniya haka suke, sai da na girma na gane abin da muke da shi. A 'yar unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi makaranta, daga cikin wannan jama'a Dokta Barau Dikko ya fito, likitan farko a Arewa. Likita Mila kuwa, Baturen da ya zauna a Zariya tun 1905, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Da wannan Hausar muka koyi kiran Allah, shi ya sa har gobe in abu ya tsananta mini, ba na iya roƙonsa da wani harshe.

Kabarin Mama ya yi fari da ƙura. Goggo ta sunkuya tana shara, ni kuma na tsaya ƙiƙam. Can sai maganar da na daɗe ina dannewa ta fito. Na ce, "Goggo, kowa ce mini yake in yi haƙuri, in yi dangana, in miƙa wa Allah. Na miƙa. Kullum da safe sai in tarar abin ya dawo hannuna."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To ki sake miƙawa. Wa ya gaya miki sau ɗaya ake yi?"

Ta zauna a kan wani dutse, ta ajiye tsintsiya a cinya, ta ba ni labarin da na sha ji amma ban taɓa saurara ba. Kakanninmu Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim, wani malamin Kano na ƙarni na 19 wanda ya duƙufa kan abin da aka faɗa game da Isa Almasihu har aka kashe shi saboda haka. Mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi, suna riƙe da zancen cewa wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka ji daga bakin Malam suka tsufa, da yawa suka mutu. Sai a 1913 wasu daga cikinsu suka iske Likita Mila a Zariya. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gonaki, suka gina wurin sujada, suka ce jira ya ƙare. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har Gimi ta watse. Goggo ta ce, "Kakanki yana cikin yaran da suka tsira. Ya binne uwa, ya binne uba, kuma shi ne mai tayar da waƙa a majami'ar can har muryarsa ta dushe. Kina tsammani mantawa ya yi? Har ya mutu, in ya ambaci Gimi sai ya yi shiru."

A wajen nan ne wata kalma ta buɗe mini. A majami'a muna cewa bege, muna nufin sa zuciya ga alkawarin Allah: begen tashin matattu, begen zuwan Almasihu. Makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti duk wa'azin bege ake yi. Amma a bakin Bahaushe na kasuwa da tsakar gida, bege shi ne ciwon rashin wanda kake ƙauna, kewar da ke hana barci. Na yi wata huɗu ina zargin kaina cewa begen Mama ya cinye begena ga Allah, kamar ɗaya ba ya zama sai ɗaya ya fita. Ashe waɗanda suka zaɓi kalmar nan sun san abin da suke yi. Ba ka begen abin da ke hannunka. Manzo Bulus ma haka ya gaya wa Romawa a sura ta 8, cewa abin da ido ya riga ya gani ya tashi daga bege. Isawa sun yi begen wanda ba su taɓa gani ba, ni ina begen wadda na gani na rasa, kuma a ƙirji wuri ɗaya abin yake suka.

Da la'asar muna tsakar gida sai ga sallama. Hajiya ce, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, ƙawar Mama ta shekara talatin. Ta shigo da kwanon sha a rufe, ta ajiye a gabana. Na gane shi nan take, kwanon Mama ne mai zanen fure, wanda murfinsa ya ɗan lotsa. Ta ce, "Tun Ista yake wurina, da ta aiko mini shinkafa. Na yi ta cewa gobe zan mayar, gobe zan mayar, har Allah ya yi ikonsa. Na kasa kawo shi wayam." Na buɗe, waina ce da zafinta. Hajiya ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Gobe ina jiran tawa shinkafar, kada ku ce don ba ta nan." Goggo ta ce, "Ai ko mutum ɗaya ya rage a gidan nan, Hajiya, kwanonki zai iso."

Sujadar dare ta cika maƙil, kowa a ƙudundune cikin rigar sanyi da hula. Aka karanta labarin Maryamu daga Luka sura ta 1, yadda mala'ika Jibra'ilu ya zo mata da saƙon da ya fi ƙarfinta, ta amsa cewa ita baiwar Ubangiji ce, ya zama mata yadda aka faɗa. Na sha jin wannan karatu tun ina zama a kan tabarmar yara, amma ban taɓa lura da lokacin da ta amsa ba. Ba ta san za ta haihu a Baitalami ta kwantar da ɗanta a komin dabbobi ba, ba ta san gudun hijira zuwa Masar ba, balle ranar da za ta tsaya gindin gicciye. Ta ce to tun hanya tana rufe. Ina ganin mun cika rera amsar nan da daɗin murya har muna manta nauyinta. Yarinya ce aka ɗora wa abin da zai iya jawo mata jifa, ta miƙa wuya, kuma bayan 'yan ayoyi kaɗan sai ga ta tana waƙar murna a gidan Alisabatu.

Da aka kira Zumuntar Mata su fito, sai na ga Goggo ta jawo wani abu daga ƙarƙashin benci, naɗe da tsohon zane. Tulun kiɗan Mama ne. Shekara da shekaru ita ce mai buga shi, tana zaune a ƙarshen layi da shi tsakanin gwiwoyi, tana dukan bakinsa da ɗan matashin soso, yana ba da wannan amo mai zurfi da ake ji a ciki kafin a ji a kunne. Goggo ta ɗora mini shi a cinya. Na ce, "Goggo, ban iya ba." Ta ce, "Kin iya. A bayanta kika koya, tana goye da ke."

Wuyan tulun ya yi santsi a daidai inda hannunta na hagu yake riƙewa. Na sa nawa hannun a wurin. Mai ba da waƙa ta ɗaga murya, caki ya shiga, ganga ta shiga, na kai duka na farko a makare, na biyu ma haka, a na uku na faɗa cikin kiɗan. Mata suka fara taka rawa a hankali, zannuwansu iri ɗaya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Hawaye yana zuba har kan tulun, kuma ina dariya, bakina a buɗe ina amshi da iyakar ƙarfina. Ban tsaya raba su ba. Wata daga cikin ƙawayen Mama ta zo ta manna mini naira ɗari biyu a goshi, ta ce a kunnena, "Haka take yi, haka take karkata kai."

Ranar Kirsimeti ni na raba abinci. Goggo tana zubawa tana kiran sunayen gidaje daga ka, ni da yara muna kaiwa, kwano goma sha bakwai. Na Hajiya na kai da kaina, a cikin mai zanen furen.

Na kwana huɗu. Ranar da zan koma na tashi tun assalatu, na fita bayan gida inda ake hango Kufena. Hazo bai janye ba, amma ya ɗan yi sauƙi, ana ganin kafaɗar dutsen dishi-dishi, sama da ƙasansa a ɓoye. Na tsaya a nan na karanta Zabura ta 121 daga farko har ƙarshe, da murya, sanyi yana ratsa ƙafata. Da na dawo na tarar Goggo ta naɗe tulun a zanensa ta ajiye kusa da jakata. Na ɗauka na mayar da shi ɗakin Mama, na ce mata ba zai jure jijjigar mota ba, ta ajiye mini zuwa Ista. Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta ce, "Allah ya kai mu." Sannan ta ƙulla mini sauran cincin a leda, ta raka ni har bakin titi.