Abin da gwajin daskarewar jini ke faɗa a kan shanyewar ɓarin jiki

Idan baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, ɗayan biyu ne: ko gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. A ido kamanninsu ɗaya. Hoton sikana, na'urar da ke nuna cikin kai, shi ne ke raba gardama, kuma babu gwajin jinin da zai maye gurbinsa. Gwajin jini nasa aikin daban ne, yana taimaka wa likita ya auna girman ɓarnar da kuma inda gudan ya taso.

Ɗaya daga cikin waɗanda ake dubawa shi ne D-dimer. Jini idan zai daskare, wani zare mai suna fibrin ne ke saƙa raga ya kama ƙwayoyin jini. Daga baya jiki ya shiga warware ragar, ɓurɓushin da ke zuba cikin jini shi ne D-dimer. A yawancin labo, mai lafiya ba ya wuce nanogiram 500 a mililita ɗaya. Ga mai shanyewar jiki, adadin kan ƙaru gwargwadon faɗin wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa, kuma ya kan tafi tare da makin NIHSS, ma'aunin tsananin ciwon da likita ke yi a bakin gado daga 0 zuwa 42. Ya fi hawa idan gudan daga zuciya ya ɓallo, musamman ga wanda bugun zuciyarsa ke tsalle-tsalle ba tsari. Toshewar ƴar ƙaramar jijiya kuwa, irin wadda hawan jini na shekaru ke kawowa, sau da yawa ba ta ɗaga shi sosai.

Sai dai a Maradi dole a karanta sakamakon da idon basira, don abubuwan da ke ɗaga D-dimer sun yi mana yawa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani lokacin damina, sikila, ciki da jego, saran kububuwa, ciwon daji, tiyata, har tsufa kansa. Tsoho ɗan shekara 75 mai zazzaɓi yana iya haura 500 alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Fibrinojen, sinadarin jini da ke zama fibrin, shi ma haka, daidaicinsa giram 2 zuwa 4 a lita, amma kowane irin kumburi a jiki na ɗaga shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ɗibar jinin, kuma abin yana damuna ƙwarai. Kwalba mai shuɗin murfi ake amfani da ita, mai ruwan sitirat a ciki, wanda ke hana jinin daskarewa: kashi 9 jini, kashi 1 sitirat. Idan jinin bai kai layin da ke jikin kwalbar ba, sitirat ya yi rinjaye, sai sakamako ya nuna jini ba ya saurin daskarewa, alhali ba haka ba ne. Kada robar ɗaure dantse ta wuce minti ɗaya. A juya kwalbar a hankali sau uku ko huɗu, ba girgizawa ba. A kai ta labo cikin awa 4. Kwalbar da ta sha ranar watan Afrilu cikin aljihu bisa babur daga Dakoro ko Tasawa, gara a sake ɗiba.

Akwai gwaji uku da suka fi D-dimer gaggawa: ƙirga ƙwayoyin tsayar da jini, INR mai auna saurin daskarewar jini, da sukari. Maganin narkar da gudan jini, alteplase, cikin awa 4 da rabi daga farawar ciwo ake ba da shi, kuma ba a ba wanda ƙwayoyinsa na tsayar da jini suka gaza 100,000, ko mai shan maganin tsinka jini irin Sintrom da INR ɗinsa ya haura 1.7. Sukari ma a auna shi nan take, don faɗuwarsa na kwaikwayon shanyewar jiki.

Ga dangi kuwa, don Allah kada a ba shi asfirin a gida, in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, maƙogwaro na iya kasa haɗiya abin ya faɗa huhu. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, ko da "bayan sallar Azahar" ne, a haɗa kwalayen magungunan da yake sha cikin leda, a nufi asibitin da ke da sikana.