Kwabon da ya hana mu barci wata biyu

Wasiƙar ta zo da ladabi, kamar yadda irinta suka saba zuwa. Kamfanin da ya sayar mana da manhajar lissafin inshora, wadda ke kan tsohuwar babbar kwamfutarmu tun kafin a ɗauke ni aiki, ya ce daga ranar kaza ba zai ƙara gyara ta ba. Mai son ƙarin lokaci ya biya, kuma kuɗin kan hau kowace shekara.

Haka dillalan nan ke yi. Ba sa kashe abu rana ɗaya. Da farko su daina sayarwa, sannan su daina ƙara sabon abu, daga ƙarshe su janye hannu. Fujitsu na Japan ma a 2022 ya sanar cewa zai daina sayar da irin waɗannan manyan injuna a 2030, ya daina kula da su a 2035. Za ka ce lokaci ne mai yawa, amma wanda ya taɓa kwashe kayan gidan da aka shekara talatin a ciki ya san ba haka ba ne.

Kwashe bayanan zuwa sabon inji da sabuwar manhaja bai ba mu wahala sosai ba. Tsohon injin yana rubuta haruffa da tsarin EBCDIC, sabon kuma ba ya jin wannan yare, sai an juya. Wasu ranakun an ajiye shekararsu da lamba biyu kawai maimakon huɗu. Mako uku muka gama da wannan.

Inda gizo ke saƙa shi ne da muka kunna tsoho da sabo tare, kowanne ya yi lissafin ƙarshen wata. Jimillar ba ta zo ɗaya ba. Bambancin ba miliyoyi ba ne, 'yan kwabbai ne a kan kowane asusu, amma a harkar kuɗin mutane kwabo ɗaya ma abin tuhuma ne. Muka bi lissafin ruwa, muka bi haraji, muka zargi juyin haruffan da muka yi. Shiru. Ni da kaina na kwana a ofis sau biyar, ina karanta COBOL, harshen kwamfuta da aka rubuta tsohuwar manhajar da shi, wanda aka ƙirƙira a 1959, wanda a jami'a ko sau ɗaya ba a koya mana ba.

Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na je gidan dattijon da ya rubuta rabin manhajar, wanda ya yi ritaya shekara shida da suka wuce. Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya.

"Yaro, COBOL ba ya cika lamba sai ka ce masa ROUNDED. In ba ka faɗa ba, yanke wutsiyar yake yi ya jefar."

"Baba, to me ya sa ba a rubuta wannan ko'ina ba?"

"Wa zai rubuta abin da kowa ya sani?"

Sabuwar manhajar tana cika kwabo zuwa sama, tsohuwar tana yankewa, shekara da shekaru. Na koma wurinsa sau huɗu da littafi, ya fito mana da wasu ƙa'idoji bakwai da babu su a kowace takarda, har da rangwamen da ake yi wa tsofaffin abokan hulɗa. Da na ce a biya shi kuɗin shawara, sai da aka yi gardama a taron shugabanni, alhali an biya dillalin kuɗin ƙarin wata shida ba wanda ya ce uffan.

Ranar da muka kashe tsohon injin, ɗakin ya yi tsit, har muna jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na kira Baba na gaya masa. Ya tambaye ni ko mun ajiye kwafin kaset ɗin ƙarshe. Mun ajiye biyu.