Yadda na sa 'yan SS2 rubuta labarin unguwarsu

Ɗaliban da nake koyar wa adabin Hausa a wata sakandare cikin garin Sakkwato sun haddace ma'anar jigo da salo da zubi da tsari. Ka tambaye su, sai su zubo maka ita tiryan-tiryan kamar karatun allo. Amma ka ce su rubuta labari mai shafi ɗaya, sai rabin ajin ya kawo maka ɗan attajirin Abuja, sauran kuma marainiyar da kishiyar uwa ke gana wa azaba. Duk kwashe-kwashen fim ne.

Sai na kafa doka. Ba Abuja, ba ƙasar waje. Labarin ya faru tsakanin ƙofar gidanku da ƙofar makaranta, tauraronsa kuma ya zama wanda idonka ya taɓa gani: ɗan garuwa, mai kabu-kabu, ko mai tallar fura a bakin kasuwa. An yi ta gunaguni, wai babu labari a jikin ɗan garuwa.

Lokacin watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kusan kowa ya fara da "rana ta yi zafi ƙwarai". Na ce ban yarda ba, a nuna mini. Washegari wata yarinya ta rubuta cewa silifas ɗinta ya riƙa mannewa a kwalta, ta iso gida ta tarar ruwan randa ya zama shayi. Na rubuta jimlar a allo, sai bayan nan na gaya musu cewa abin da ta yi shi ne siffantawa, da ta ce "kamar shayi" kuma da kamantawa ke nan. Tun daga ranar nake bari su fara aikata abu kafin in raɗa masa suna, kuma sunan ya fi zama a kansu.

Inda muka fi daɗewa shi ne zancen taurari. Yaran nan da Sakkwatanci suka tashi, amma WAEC da NECO daidaitacciyar Hausa suke so, don haka ko tsohuwar ƙauye ce a labarinsu sai ta yi magana irin ta mai karanta labarai a rediyo. Na raba musu gardama: mai ba da labari ya bi daidaitacciya, tauraro kuwa a bar masa bakinsa. Wani yaro ya tashi ya karanta inda kakarsa ke cewa, "Wanga yaro, mi kaka nema nan? Tahi gida!" Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Wallahi Malam, haka tawa kakar take." Ba sai na yi dogon bayani a kan fito da halin tauraro ba.

Waƙa ba ta ba mu wuya sosai. Na ba su tarihin Nana Asma'u (1793–1864), wadda jajis ɗinta, wato malamai mata masu jagorantar 'Yan Taru, ke haddace waƙoƙinta su kai wa matan karkara, sai suka gane da kansu amfanin amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen baitoci, wajen riƙe baiti a ka. Kari kuwa, wato ma'aunin waƙa, da tafi muke auna shi.

Matsalar da ban warware ba ita ce dubawa. Aji ya cika maƙil, darasi minti 40 ne, ba zan iya bin kowane labari da jan biro ba. Yanzu rukuni-rukuni nake raba su, kowa ya karanta wa 'yan'uwansa da ƙarfi, su zaɓo ɗaya a kawo gaban aji. Masu kunya suna ɓuya a wannan tsarin, musamman mata, shi ya sa nake karɓar nasu a takarda in tafi da shi gida. Wasu cikinsu sun fara tambayata ƙa'idojin Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta, na ce su fara gama gyara labarin mai fura tukuna.