Wa ake sayar wa sunan Zeus?

A cikin watanni huɗu na shekarar 2020 an fitar da wasannin bidiyo guda uku waɗanda dukansu suka ɗebo ruwa daga rijiya ɗaya, wato almarar Girkawan dauri. Ranar 13 ga Agusta kamfanin Creative Assembly ya saki wasan yaƙin Troy, ranar 17 ga Satumba wani ƙaramin kamfani na birnin San Francisco mai suna Supergiant Games ya kammala Hades, sannan a farkon Disamba Ubisoft ya fito da Immortals Fenyx Rising. Na buga biyu daga cikinsu har ƙarshe, na ukun kuwa na taɓa shi na ajiye. Tun daga lokacin nake juya tambaya ɗaya a raina: idan kowa na da ikon ɗaukar alloli da jaruman wannan almara, irin su Zeus da Athena da Achilles, ba tare da ya biya ko ƙwandala ba, mene ne ainihin abin da mai ƙera wasa yake sayarwa, kuma wa yake sayar wa?

Dalilin da ya sa masu ƙera wasanni ke ruguguwa zuwa wannan rijiya ba ɓoyayye ba ne. Labaran sun haura shekara 2,500, ba su da magaji da zai kai ƙara kotu, kuma sunayen sun riga sun shiga kunnen jama'a ta hanyar makaranta da fina-finai da littattafan yara. Wanda ya ƙirƙiro sabuwar duniya daga kansa sai ya kashe kuɗi da lokaci yana koya wa mutane sunan kowane sarki da kowane dodo, alhali wanda ya zana mace mai gashin macizai bai buƙatar ya ce Medusa ce. Rabin aikin talla an riga an yi masa tun kafin a haife shi. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Sunan da kowa ya sani ba naka ba ne, maƙwabcinka ma zai rataya shi a ƙofar shagonsa gobe, kuma mai saye yana zuwa da nasa hoton a zuciya, wanda idan ka saɓa masa zai juya maka baya.

Wasan Troy ya ɗanɗana wannan. Tallarsa ta yi ƙara sosai, domin an yi yarjejeniya da shagon intanet na Epic Games cewa duk wanda ya zo cikin sa'o'i 24 na farko zai ɗauke shi kyauta, kuma mutum kusan miliyan 7.5 suka ɗauka. Amma masu ƙera wasan sun zaɓi su nuna abin da suka ɗauka shi ne gaskiyar da ke bayan almara, saboda haka dodon nan mai kan sa, Minotaur, ya zama wani ƙaton mutum da ya kifa ƙoƙon kan bijimi a kansa. Masu son tarihi zalla suka ga an cika ƙari, masu son dodanni kuma suka ga an hana su abin da suka zo nema. Bayan shekara ɗaya, lokacin da wasan ya isa shagon Steam, sai ga kamfanin ya fito da wani ƙari mai suna Mythos wanda ya kawo dodanni na sosai, har da kare mai kai uku, Cerberus, da macijiya mai kawuna da yawa, Hydra. A ganina wannan gyara ya fi adadin miliyoyin nan faɗar gaskiya game da masu saye. Kyauta tana tara jama'a, amma ba ta gaya maka abin da suke so. Sai sun zauna sun buga tukuna suke buɗe baki.

Domin a fahimci yadda masu sauraron irin waɗannan wasanni suka sauya, dole a koma shekarar 2005, lokacin da Sony ya fitar da God of War a kan na'urar PlayStation 2. Jarumin, Kratos, mayaƙi ne ɗan Sparta wanda aka yaudare shi ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa, sai ya ɗaura ɗamarar ramuwa a kan Ares, wanda Girkawa suka ɗauka a matsayin ubangidan yaƙi. Ba a ɓoye wa kowa wanda ake nufi da wasan ba. An ba shi alamar manya, ta 'yan shekara 17 zuwa sama a tsarin Amurka, kuma hotunan tallarsa ba su wuce jini da sarƙa da fushi ba. Abin da aka ɗebo daga almarar shi ne ɓangarenta na ta'asa, wanda kuwa akwai shi da yawa, aka bar sauran. Salon ya kai matuƙa a shekarar 2007, a wani bikin gabatar da kashi na biyu ga 'yan jarida a birnin Atina, inda aka ajiye gawar akuya da aka yanke wa kai a matsayin ado. Labarin ya bazu a jaridun Birtaniya, aka yi ta Allah wadai, har Sony ya nemi afuwa. Ina ambaton wannan ne domin yana nuna yadda masu talla na wancan zamani suke kallon abokin cinikinsu: saurayi ne da ake jawo hankalinsa da abin firgitarwa, kuma gwargwadon ƙyamar da iyayensa suka nuna, gwargwadon sha'awarsa.

Salon ya kawo kuɗi na shekaru, har Kratos ya gama da Zeus kansa a kashi na uku a 2010. Daga nan rijiyar ta fara ƙafewa, ba don almarar ta ƙare ba, sai don fuskar da aka zaɓa daga cikinta ta ƙare. A 2018 kamfanin ya kwashe jarumin ya kai shi ƙasashen sanyi na arewacin Turai, cikin almarar Odin da Thor, ya ba shi gemu da ƙaramin ɗa mai suna Atreus, ya mayar da labarin na uba da ke fama da tarbiyyar yaro. Lissafin mai sauƙi ne: wanda yake da shekara 17 a 2005 ya kai 30 a 2018, kuma mai yiwuwa yana da nasa yaron a ɗaki. Kiɗa ya canza, rawa ta bi shi, aka sayar da kwafi sama da miliyan 3 cikin kwana uku.

Hades ne ya fi ba ni abin tunani, domin shi ya koma rijiyar da ake ganin an yashe ya samo sabon ruwa. Ma'aikatan Supergiant ba su wuce ashirin ko kusa da haka ba, ba su da kuɗin allunan talla a manyan birane. Abu na farko da suka yi da ya burge ni shi ne zaɓen jarumi. Maimakon Heracles ko Achilles, waɗanda kowa ke da ra'ayi a kansu, sai suka ɗauko Zagreus, sunan da ba ya bayyana sai a 'yan gutsattsarin rubuce-rubucen dauri, inda wani ɓangare na wasan kwaikwayon Aeschylus da ya ɓace ya danganta shi da Hades, sarkin duniyar matattu. Ta haka suka ci riba biyu: sanannun sunaye sun kewaye shi suna kiran jama'a, shi kuwa farin allo ne da za su rubuta abin da suka ga dama a kansa, babu mai cewa sun ɓata labari.

Abin da suka rubuta kuwa rikicin gida ne. Ɗa yana so ya bar gidan ubansa ya nemo mahaifiyarsa, Persephone, uban yana zaune a bakin tebur da tarin takardu yana yi masa ba'a duk lokacin da ya dawo a kunyace, baffanni da 'yan'uwa da ke kan dutsen Olympus kuma kowa na miƙo masa taimako da wata manufa a zuciya. Wanda ya karanta labaran asali ya san cewa wannan ba ƙari ba ne, domin waɗanda Girkawa suka kira alloli a cikin labaransu dangi ne masu kishi da gaba da son kai. An daɗe ana sayar da takubbansu, ba a sayar da gulmarsu ba. Wannan fuska ta jawo mutanen da ba su taɓa kusantar wasan faɗa mai wahala ba, ciki har da masu zane da masu rubuta labaran sha'awa a intanet, da waɗanda suka tashi da littattafan Percy Jackson da aka fara bugawa a 2005, suka girma da sunayen nan a bakinsu kamar na 'yan ajinsu.

Tsarin wasan ma an gina shi da waɗannan baƙi a zuciya. Irin wasan da ake mutuwa a koma farko ne, salon da a da sai masu taurin kai ke jure masa. A nan kowace mutuwa tana mayar da kai gida inda sabuwar hira ke jiranka, kuma rubutun ya haura kalmomi 300,000, ta yadda za ka daɗe ba ka ji an maimaita magana ba. Akwai kuma wani zaɓi da ke rage maka raunin duka da kashi 20 cikin ɗari, yana ƙaruwa da kashi 2 bayan kowace faɗuwa har ya kai 80. Ni kaina na kunna shi bayan uban ya kayar da ni sau da yawa, kuma ban ji wasan ya raina ni ba. Ina ganin wannan ɗan maɓalli talla ce da ta fi bidiyo, domin shi ne ya sa mutum zai iya ce wa abokinsa da bai iya wasa ba, gwada, za ka kai ƙarshe.

Hanyar sayarwar ita ma ta bambanta. An sanar da wasan a bikin The Game Awards na Disamban 2018, kuma a daren nan aka fara sayar da shi a shagon Epic tun bai kammala ba, bayan shekara ɗaya ya shiga Steam a haka. Kusan shekara biyu masu saye suna bugawa, suna kawo ƙorafi, kamfanin yana fitar da gyara da sabon babi lokaci zuwa lokaci, yayin da masu shirin Noclip ke ɗaukar aikin a bidiyo suna sakawa a YouTube. Kafin ranar kammalawa an riga an sayar da kwafi 700,000, cikin 'yan kwanaki bayanta aka haye miliyan ɗaya. Waɗannan mutum dubu ɗari bakwai ba masu saye kawai ba ne, su ne suka zama bakin wasan, kowa na jin yana da hannu a cikinsa. A 2021 ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon wasa, kuma ya zama wasan bidiyo na farko da ya karɓi kyautar Hugo, wadda aka fi sani da marubutan ƙagaggun labarai. Kyautar ta biyu ta fi nuna inda ya kai, domin masu karatu ne ke zaɓenta.

Ba na so a ɗauka cewa wannan hanya tana yi wa kowa aiki. Sayar da abin da bai nuna ba amana ce, kuma Supergiant ya zo da sunan da ya gina a wasanni uku da suka gabata, tun daga Bastion a 2011. Sabon kamfani da ba a san shi ba zai iya buɗe ƙofa haka ya zauna shiru babu mai leƙowa.

Immortals Fenyx Rising kuwa, wanda na ajiye, ba mummunan wasa ba ne. An fara nuna shi a 2019 da sunan Gods & Monsters, wato alloli da dodanni, suna mai gaya maka abin da ke cikin tukunya kai tsaye, sai aka canza shi watanni kaɗan kafin fitowa zuwa wanda ba ya tuna wa kowa Girka. Kamanninsa na yara ne, barkwancinsa na manya, kuma duk wanda ya ga hotonsa sai ya ambaci wasan Zelda na Nintendo kafin ya ambaci Zeus. Ƙari a kan haka ya fito makonni uku bayan Assassin's Creed Valhalla na kamfanin nasa, mako ɗaya kafin Cyberpunk 2077. Na kalli tallarsa sau biyu ban gane ko da ni ake magana ko da ƙanena ba.

Lokacin da Supergiant ya sanar da Hades II a Disamban 2022, ya sake yin dabarar farko: jarumar ita ce Melinoë, wadda kusan duk abin da aka sani game da ita ya fito ne daga tsohuwar waƙar yabo guda ɗaya, abokin gabarta kuma Chronos, kakanta. An fara sayar da shi bai kammala ba a watan Mayun 2024. Amma na lura da wani bambanci a yadda mutane suka tarbe shi. A 2018 sunayen Zeus da Poseidon ne suka riƙo hannun ƙaramin kamfani suka gabatar da shi ga jama'a. A wannan karon waɗanda na ga suna murna ba Hades na tsofaffin littattafai suke tambaya ba, suna tambayar ina Zagreus ya shiga, kuma me ya sami Cerberus, karen gidansu.