Sana'ar ƙirga jifa a unguwar Bronx

Wurin aikina wani tsohon sito ne a unguwar Bronx ta birnin New York, ba nisa da filin wasan ƙungiyar besbol ta Yankees. Layuka uku ne a ciki, kowanne an kewaye shi da raga, sai tudun katako guda biyu da nake ja gaba ko baya gwargwadon shekarun yaron da zai hau. Mu uku ne, ni da mataimaka biyu. Abin da muke ci da shi, koyar da yara jifa a wasan besbol.

Duk sanda na gaya wa 'yan uwa a gida sana'ata, sai na fara da bayanin wasan kansa. Mai jifa yana tsaye a kan tudu, mai cafewa yana tsugune a gabansa, a tsakani kuma ga mai sanda yana jiran ya maka ƙwallon. Tazarar manya ƙafa 60 da inci 6 ce, ta ƙananan yara ƙafa 46. Ƙwallon ba ta wuce girman lemo ba, nauyinta wajen giram 145, an ɗinke fatarta da jan zare, ɗinki 108. A kan wannan ɗinkin duk ilimin yake, don yadda ka ɗora yatsunka a kansa shi ke sa ƙwallo ta miƙe, ko ta lanƙwasa, ko ta nutse a gaban mai sanda.

Ina ɗan shekara 11 aka kawo ni Amurka daga Kaduna. Maƙwabtanmu 'yan Jamhuriyar Dominika ne, mutanen da besbol ya zame musu abin da ƙwallon ƙafa ya zame mana. Wani dattijonsu ya ga na wurga ƙwallo a bakin titi, ya kira ni ya tambayi wanda ya koya mini. Babu wanda ya koya mini, hannun jifan mangwaro ne kawai. Shi ya fara gyara mini tsayuwa. Na yi wa makarantar sakandarenmu jifa har na kai shekara 17, lokacin da gwiwar hannuna ta fara ciwo na ɓoye, don kada a zaunar da ni a benci. Wata biyu na yi ina jifa a haka. Daga nan ban ƙara komawa tudu a matsayin ɗan wasa ba, kuma har yau hannun dama ba ya miƙewa sarai.

Yaron da ya zo mana sabo, makonsa na farko ƙafafunsa muke kallo. Ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa: ƙafar baya ta tura, ta gaba ta dira ta kafe, kwankwaso ya juya kafin kafaɗa, hannu ya biyo a ƙarshe kamar bakin bulala. Wanda ya tsallake wannan ya dogara da hannu zalla, gwiwar hannunsa ce za ta ɗauki nauyin da cinya ya kamata ta ɗauka. Bayan miƙaƙƙen jifa mai gudu, abin da nake koyarwa na biyu shi ne jifan yaudara, wanda ake cusa ƙwallon cikin tafin hannu ta fita a hankali alhali motsin jiki bai canza ba. Yara sun fi son mai lanƙwasa saboda yana burgewa. Nakan sa su jira sai jiki ya ƙosa.

Akwai na'urar auna gudun ƙwallo a wurinmu, kuma iyaye ne suka matsa har na saya. Ban ga laifinsu ba. Tun da Aroldis Chapman ya yi jifan da ya haura mil 105 a awa a 2010, maganar gudu ta cika bakin kowa, masu neman 'yan wasa na jami'o'i ma lambar suke fara tambaya. Amma na lura da zarar na kunna ta, yaro ya daina kallon safar mai cafewa, idonsa ya koma kan allo, ya dinga cije leɓe yana zuba duk ƙarfinsa a kowane jifa. Yanzu sau ɗaya a wata nake fito da ita. Ga mai gardama nakan ambaci Greg Maddux, wanda ya ci wasa 355 da iya saiti, ko Mariano Rivera, ɗan masunci daga Panama, wanda ya yi wa Yankees aiki a nan unguwar tamu da kusan jifa iri ɗaya tak, ya rufe wasa 652 da nasara.

Babban aikin dai ƙirga ne. Tun 2007 gasar yara ta Little League ta sa iyaka: ɗan shekara 9 zuwa 10 jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 jifa 85, kuma a dokar yanzu wanda ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. Doka ce mai kyau, sai dai kowace gasa nata kawai take ƙirgawa. Yaro mai hannu kowa na sonsa. Ranar Asabar ya yi wa ƙungiyar unguwa, Lahadi ya bi wata zuwa New Jersey, Talata a kawo mini shi darasi, kuma babu kocin da ya san abin da ɗan uwansa ya sa shi. Shi ya sa kowane ɗalibina yake da ɗan littafi da ake rubuta jifan mako. In babu littafi, babu hawa tudu.

Wani bawan Allah ɗan Nijar, direban tasi, ya taɓa kawo ɗansa mai shekara 12 bayan ya yi jifa 80 a jajibirin ranar. Na ce yau motsa jiki kawai zai yi. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Malam, kuɗin jifa fa na biya, awa uku na yi a titi kafin in haɗa su." Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, ku taɓa nan." Na ɗora yatsansa a cikin gwiwar hannun yaron, inda ƙashi bai gama haɗuwa ba, yaron ya ɗan janye. Na mayar masa da kuɗinsa. Ya yi sati uku bai dawo ba, ranar da ya dawo kuwa littafin yana aljihunsa, shi da kansa yake cikewa.

Wasu iyayen sun ɗauka tiyata na gyara komai, har da masu zaton tana ƙara gudu. Tiyatar da suke ji ana faɗa, Dokta Frank Jobe ne ya fara yi wa Tommy John na ƙungiyar Dodgers a 1974: ya ciro jijiya daga wani wuri a jikinsa ya maye gurbin wadda ta tsinke a gwiwar hannu. Mutumin ya dawo a 1976, ya yi wasa har 1989, shi ya sa sunansa ya bi aikin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne jinyar takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga ɗan sakandare, wannan kusan kashi ɗaya cikin uku na zamansa ne a makaranta, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba.

Inda sana'ar take matse ni shi ne hunturu. Da dusar ƙanƙara ta rufe filaye, wuri irin nawa ke cika, kuɗin hayar shekara a waɗannan watanni ake tara shi. A daidai lokacin ne kuma hannun yaro ke bukatar hutu. Ƙa'idojin Pitch Smart da hukumar gasar manyan ƙungiyoyin besbol ta fitar tare da hukumar besbol ta Amurka a 2014 sun ce a bar jifan gasa aƙalla wata huɗu a shekara, biyu ko uku daga ciki a jere ba tare da wurga komai ba. Shekarun farko na kau da kai, saboda mai gida ba ya jira. Wani yaro ya ji ciwo a wurina cikin Disamba, na raka mahaifiyarsa asibiti, na ji abin da likita ya gaya mata. Tun daga lokacin, Nuwamba da Disamba nake jingine tudun biyu a bango. Muna yin aikin ƙafa da ciki, da jan roba don kafaɗa, da dukan ƙwallo da sanda. Kowace shekara wasu iyalai kan koma inda za a bar 'ya'yansu su yi jifa, kuma ina jin raɗaɗin hakan a lissafin ƙarshen wata. Na cike giɓin da ba manya hayar layukan da daddare.

A makon farko na Janairu muke ɗauko ƙwallo. Yara su tsaya bibbiyu, taku goma sha biyar tsakani, su yi ta miƙa wa juna a hankali na minti goma. Kowane mako a ƙara tazara. Sai an shiga Fabrairu nake sauke tudun daga bango, jifa 15 kowa a ranar farko, ni kuma ina gefe da biro.